Baƙar Tagar Malama Adawiyya

A ɗan asibitin sha-ka-tafi na Balan, teburin Malama Adawiyya yana baranda, hannun dama in ka shigo, inda inuwar darbejiya take kaiwa har azahar. Shekara huɗu ke nan tana zama a nan duk Litinin da Alhamis, tun da ta ajiye shugabancin firamare ta ga zaman gida zai tsofar da ita kafin lokaci. Aikinta rubuta haihuwa da ranakun allurar rigakafi. Yara dubu da ɗari huɗu da 'yan kai ne a hannunta, kowanne da sunan uwarsa da unguwarsu da ranar da zai dawo.

Dukansu suna cikin wata tsohuwar laftof mai nauyin dutsen niƙa, wadda batirinta ya mutu tuntuni, sai an jona ta da solar asibiti take numfashi. Ƙawarta Fatsuma ce ta ba ta. Tare suka yi kwalejin horon malamai, daga nan Fatsuma ta wuce Kano ta karanci kwamfuta, ta yi ta koyar da darasin har ta yi ritaya. Ita ta share duk tarkacen da ke cikin laftof ɗin don ta daina nishi, ta bar taga ɗaya tal, baƙa ƙirin, wadda ake rubuta umarni a cikinta kwamfuta ta amsa da rubutu. Taminal ake ce wa tagar. Babu hoto, babu ado. Adawiyya kuwa abin ya yi mata, don ta ce bai bambanta da baƙin allon aji ba, sai dai shi wannan yana mayar da magana.

Matsalar ita ce haruffan sirara ne, launin toka, ƙanana kamar kiyashi, ga shi kuma yanar ido ta fara hawa idonta na hagu. Likita ya ce yanar ba ta nuna ba tukuna, sai ta jira, kamar ana maganar mangwaro. Ta canza tabarau sau biyu. Ta ɓoye abin wata shida, tana kusanto da fuska ga allon kamar mai shinshinar miya, har ranar wata Litinin da ta tsallake layi ta kira ɗan Kubura allurar da aka riga aka yi masa. Allah ya sa incaj ɗin asibitin, Halima Sadiya, ta duba katin da ke hannun uwar kafin ta zuƙi maganin.

Da mata suka watse, Halima Sadiya ta zo ta tsuguna gefen teburin, don ba ta iya yi wa tsohuwar magana a tsaye.

"Mama, kin san ba zan iya haɗa ido da ke a wannan maganar ba."

"To kalli ƙasa ki faɗa."

"Yau Allah ya tsare. Amma in aka sake, ni za a tambaya. Litinin mai zuwa zan tsaya a bayanki ki karanta min layi ashirin. In ya gagara, sai mu koma littafi, in ba wani ya riƙe."

"Kin yi daidai," in ji Adawiyya. "Da ni ce ke, ko Litinin ɗin ba zan bayar ba."

Ta faɗa da gaske, amma da ta isa gida ko mayafi ba ta cire ba ta kira Fatsuma.

"Fulata!" in ji Fatsuma, don ita jinin Barebari ce, Adawiyya kuma kakanninta da shanu suka zo, kuma shekara arba'in ba su gaji da wannan wasan ba. "Baiwata ta tuna da uwar ɗakinta. Nono ya ƙare ne?"

"Rufe min baki, mai warin banda. Ina ake ƙara girman rubutu a tagar nan taki?"

"Babu."

"Kamar yaya babu?"

"Babu maɓallinsa. Ai shi ya sa ba ta da nauyi. Wannan taminal ɗin awonta a jikin ɗinkinta yake. In kina son manyan haruffa, sai kin samo yadin kin yanka kin ɗinka taki."

Ta yi mata bayani a tsanake. Kowace manhaja, kafin ta zama abin da kwamfuta ke iya sarrafawa, rubutu ce da mutane suka rubuta, shi ake kira sos kod. Masu wannan taminal ɗin sun bar nasu a fili, kowa ya ɗauka kyauta. A cikinsa akwai fayil guda na saiti, inda aka rubuta girman harafi da launin rubutu da launin bango. Sai a canza lambobin, a rubuta kalma ɗaya, make, kwamfuta ta haɗa komai ta fitar da sabuwar taga. Sannan umarni na biyu, wanda zai ɗora sabuwar a gurbin tsohuwar.

"To ki zo ki yi min."

"Ina Zariya, jikata Afra'u wata tara ya cika, ko ƙofar gida ba na zuwa. Ke da kika koya wa rabin Balan karatu, kalma ɗaya za ta gagare ki? Ɗauko biro. Ko a jikin ƙwarya za ki rubuta?"

Adawiyya ta ɗauko biro mai kaurin baki da kwalin sabulu da ta farke, ta rubuta matakan da manyan baƙaƙe, guda bakwai.

Ranar Laraba da hantsi ta naɗe laftof ɗin a zani ta hau a-daidaita-sahu zuwa Gaya. Damina ta zauna, gero ya kai ƙugu dama da hagu, gyaɗa ta rufe kunya, direban yana kauce wa tafkunan hanya kamar mai rawa. Shagon Ɗantani mai gyaran kwamfuta yana bakin kasuwa, tsakanin mai faci da mai sayar da takin zamani. Ɗantani ya ba arba'in baya, ya aje tumbi da mata da 'ya'ya shida, amma da ya hango ta ya miƙe tsaye ya cire abin da ke kunnensa, don ita ta koya masa haɗa baƙi a aji ɗaya.

"Malama, da kin aiko ai da na zo."

"Da na aiko da ka ce sai an yi fomatin an goge komai."

"Kai, Malama."

"Ƙarya na yi? Intanet nake so, da wutarka, da kujera. Hannunka ka riƙe abinka."

Duk da haka sai da ya sa hannu. Shafin da sos kod ɗin yake ya ƙi buɗewa, ya ja laftof ɗin gabansa ya yi 'yan danne-danne yana amsa gaisuwar wani a waje, ya turo mata. Shafin ya buɗe. Ba ta tambaye shi abin da ya taɓa ba, shi ma bai ga abin faɗa a ciki ba.

Abin da suka sauko da shi bai kai nauyin hoton waya ɗaya ba. Adawiyya ta yi mamaki.

"Shi ke nan duka?"

"Shi ke nan, Malama."

"Shekara huɗu ina kallon abu, ashe bai fi wasiƙa ba."

Ta rubuta make da yatsa ɗaya. Rubutu ya zubo layi uku ya tsaya. Ɗantani ya karanta mata, don ita ba ta gani: wai akwai kayan haɗin da babu, waɗanda ke zana haruffa a allo. Wannan yana cikin kwalinta, mataki na huɗu, Fatsuma ta ce za a yi haka. Suka sauko da su, ta buɗe fayil ɗin saiti, Ɗantani ya ɗora yatsa a kan layin, ta ga wani abu mai kama da goma sha biyu.

"Nawa zan sa?"

"Sa ashirin."

"Ashirin ta masu ido ce." Ta goge ta rubuta sittin. Ta canza bangon daga baƙi zuwa ruwan madara, rubutun daga toka zuwa baƙi mai kauri, da lambobin da Fatsuma ta ba ta. Ta sake rubuta make.

Wannan karon rubutu ya yi ta gudu yana hawa sama, fankar cikin laftof ɗin ta ɗauki kuka, mai facin da ke maƙwabtaka ya leƙo. Bai fi minti ɗaya ba aka yi shiru. Ta ba da umarni na biyu, ta rufe tagar ta buɗe.

Sai ga haske kamar an buɗe ƙofar ɗaki. Ta ga harafi, ta ga gefensa, ta ga inda ya lanƙwasa. Ta cire tabarau ma tana gani.

"Allahu akbar," in ji Ɗantani. "Malama, wallahi ban taɓa ganin an yi wannan a shagon nan ba."

Ta buɗe jerin yaran don ta more. A nan ta ga ɓarnar. Haruffan sun yi girman da suna ɗaya ba ya shiga layi. Muhammad Auwal ya karye gida biyu, ranar haihuwarsa ta faɗa ƙarƙashin sunan uwar wani, layi biyar kacal allon ke ɗauka. In dai tsallake layi ne laifinta, wannan sai ya fi na da.

Hadari ya haɗo daga gabas, masu rumfuna sun fara tattara kaya. Ta ce ba komai, yanzu ta san hanya, a gida za ta rage. Ta zare waya daga bango ta naɗe abarta. Ruwan ya same su a hanya, ta rungume laftof ɗin a cikin mayafi, tana jin daɗin da rabonta da shi tun ranar da ta fara karanta jarida ita kaɗai.

Ranar Alhamis ta yi aikin asibiti da katunan hannun iyaye, ba ta kunna komai ba. Da la'asar ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta jona laftof ɗin da 'yar solar da ɗanta ya haɗa mata, ta buɗe fayil ɗin saiti. Ta goge sittin ta sa ashirin da takwas. Ta adana. Ta rubuta make.

Fanka ba ta yi kuka ba. Kwamfuta ta ce babu abin yi.

Ta sake buɗe fayil ɗin. Ashirin da takwas na nan daram. Ta sake ba da umarnin, aka sake ce mata babu abin yi, komai sabo ne. Ta sa talatin, ta sa goma, ta kashe ta kunna. Amsa ɗaya, da haruffa manya kamar na allon talla.

Amma girman nan ya yi rana, don a saman amsar akwai wani layin gargaɗi da a da ba za ta taɓa ganinsa ba. Ta bi shi a hankali, Turancinta na nan bai tsufa ba. Wai wani fayil yana ɗauke da lokacin da bai zo ba tukuna, yana gaba da daƙiƙa miliyan ɗari biyar da wani abu. Ta juya kwalin sabulun ta yi lissafi: sittin, sittin, ashirin da huɗu, ɗari uku da sittin da biyar. Shekara goma sha shida.

Ta kira Fatsuma, waya a kashe. Ta sake kira da safe, wata jikar ta ɗauka ta ce an tafi asibiti da Afra'u tun asuba. Ta yi musu addu'a ta kira Ɗantani.

"Malama, gargaɗi ba komai ba ne. Kowa tsallake shi yake yi. In ba ja ya fito ba, ba matsala."

"Wa ya ce?"

"Haka ake yi."

"Na ji haka ake yi. Wa ya ce?"

Ya yi dariya. "To Malama, gaskiya tsohuwar kwamfuta ce. Ƙila bairos ya shiga. Ki kawo gobe a yi…"

"Faɗi mana."

"…a yi fomatin."

"Yara dubu da ɗari huɗu, Ɗantani. Har da naka biyu na wajen kakarsu. Sai an jima."

Ta yini Juma'a abin yana cinta. Ba fushi take ba, don ta san na'ura ba ta da gaba da kowa. Abin da ya tsaya mata shi ne, an ce mata babu abin yi alhali da hannunta ta canza lamba. A aji, in yaro ya ba da amsar da ba daidai ba har sau biyar iri ɗaya, ba ta dukansa, don ta san akwai wata ƙa'ida da yake bi. Sai ta nemo ƙa'idar. Saura kwana uku, kuma ta fara tunanin yadda Litinin da Alhamis za su zama in babu teburin: shara, tuwo, rediyo, jiran la'asar.

Ranar Asabar da hantsi yayanta Haruna ya yi sallama, ya jingine kekensa, ya ajiye mata ɗanyar masara a buhu. Ya kusa saba'in, gajere ne, kuma daga yadda ya zauna ta san da magana a bakinsa.

"Yaya, lafiya? Ka dawo daga sunan da aka yi a Gafasa?"

"Na dawo. Ɗan'uwanki ya sake yi."

"Yaya Mudassir? Me ya yi?"

"An shimfiɗa darduma an ce babban gida ya matso ya yi addu'a. Kafin in tattara riga, wannan dogon banzan ya zaro katin ɗan ƙasa yana nuna wa mutane, wai a duba, shi ne babba da shekara biyu. Har da cewa, 'Haruna, matsa wa yayanka.' Mutane suna ta dariya. Liman ma dariya yake."

Adawiyya ta rufe baki da gefen mayafi.

"Ke ma dariyar za ki yi. Ni na goya yaron nan!"

Labarin tsoho ne, gidan kowa ya san shi. Shekarar da aka zo ɗaukar yara makaranta babu mai takardar haihuwa, sai malamin ya jera su ya ce kowa ya ɗora hannu ta saman kai ya kamo kunnensa na ɗaya gefen. Wanda ya kamo ya isa shiga, a rubuta masa shekara shida. Mudassir dogo ne mai dogon hannu, ya kamo har da rara. Haruna ya yi ta miƙa, bai kai ba, aka ce ya dawo. Sai bayan shekara biyu ya kamo, aka rubuta masa shida shi ma. Daga rajistar nan kowace takarda ta kwafa.

"Abin da ke ba ni haushi," in ji Haruna yana ɓare masara, "ba wanda ya taɓa kallon fuskarmu. Ka je ofis, ga furfurata, ga tasa, amma sai a kalli takarda. Ba ruwansu da wanda aka fara haifa. Wanda aka fara rubutawa suka sani."

Adawiyya ta daina dariya. Ta tashi ta ɗauko laftof ɗin.

"Yaya, miƙo min wayar can ta jikin sola."

Ta jona wayar ta kunna laftof ɗin. A shekara huɗu ba ta taɓa tambayar kwamfutar kwanan wata ba, don kowace rana da hannunta take shigarwa daga kalandar bangon asibiti. Yau ta tambaya. Amsa ta fito ɓaro-ɓaro: ɗaya ga Janairu, 2009, ƙarfe goma sha biyu da minti uku.

Ta sa aka jero mata fayilolin da ranakunsu. Tagar da ta ɗinka a Gaya, ranar Laraba, bana. Fayil ɗin saiti, wanda ta taɓa shekaranjiya da hannunta, ɗaya ga Janairu, 2009.

Ta kira Ɗantani ta sa shi a sifika.

"Ranar Laraba, da shafi ya ƙi buɗewa, me ka taɓa?"

"Ba komai, Malama. Agogo kawai na saita. Intanet ba ya yarda in agogo ya kauce."

"In na zare ta daga wuta fa?"

"Sai ya koma inda ya fito. Akwai wani ɗan batiri kamar kwabo a ciki, shi ke riƙe lokaci, na taki ya mutu. Ai ba ya hana aiki."

"Bai hana ba. Faɗa min yadda ake saitawa, a hankali, ina rubutawa."

Da ta ajiye wayar ta juya ga Haruna, fuskarta kamar ta yarinyar da ta ci gasa.

"Ka ga, Yaya, ita wannan abar ba ta karanta abin da na rubuta. Ranaku take dubawa. In saitin ya fi ɗinkin sabunta, ta san an yi gyara, sai ta sake ɗinki. In ɗinkin ne sabo, ta ce babu abin yi. To ni na yi gyara shekaranjiya, agogo ya rubuta masa 2009. Ƙanin ya zama wa."

"Wato Mudassir ne a ciki."

"Shi ne, da katinsa."

Ta saita agogon, ta duba ya zauna daidai, Asabar, ƙarfe goma sha ɗaya saura. Ta yi bisimilla ta rubuta make.

Babu abin yi.

Gargaɗin ya ɓace, amma amsar na nan. Ta zauna tana kallon allon, hannunta a haɓa. Haruna ya leƙo, ko da yake ba ya gane komai a ciki.

"Ta ƙi?"

"Ta ƙi. Kuma na gyara agogon."

"To ai ni ma da aka kawo sabon magatakarda mai hankali, shekaruna ba su gyaru ba. Abin da aka rubuta an rubuta. Cewa suka yi sai na sake zuwa da kaina an yi sabuwar takarda, ni kuwa na ce ba zan je in yi rantsuwa a kan abin da uwata ta sani ba."

"Kai ka ƙi zuwa," in ji Adawiyya. "Wannan zai je."

Ta buɗe fayil ɗin saiti. Lambar ƙarshe da ta bari a ciki goma ce. Ta goge ta, ta rubuta ashirin da takwas, ta adana, ta duba jerin: yau, Asabar, bana. Ta rubuta make.

Fanka ta ɗauki kuka. Rubutu ya yi ta hawa, manya-manya, yana karyewa a gefe, kaji suka matso suna kallon masarar Haruna ba wanda ya kore su. Da aka yi shiru ta ba da umarni na biyu, ta rufe tagar, ta buɗe.

Muhammad Auwal ya zauna a layi ɗaya, da uwarsa, da unguwarsu, da ranarsa. Ta ƙirga layukan, goma sha huɗu. Ta ja baya da tabarmar taku ɗaya, tana gani. Ta rufe idon dama ta bar mai yanar, da ƙyar, amma tana rarrabe uku da takwas.

Ba ta tsaya nan ba. Tunda ta gane ƙa'idar, sai ta yi ta ɗinki kamar tela ranar jajibere. Ta gwada talatin, ranar dawowa ta faɗo ƙasa. Ta gwada ashirin da shida, ta ga ba ta ƙaru da komai ba. Ta koma ashirin da takwas. Ruwan madarar ya yi mata haske da yawa a tsakar gida, ta tuna baranda ma haka take, ta rage shi ya koma kalar takardar tsohon littafi. Ta sami wani layi a fayil ɗin da ke ƙara tazara tsakanin layuka, wanda Fatsuma ba ta ambata ba, ta gwada shi da kanta, ya yi. Sau bakwai ta ɗinka tagar kafin azahar. Haruna ya gasa masara huɗu ya ci uku.

Da yamma Fatsuma ta kira, murya a dashe, an sami mace. Bayan barka da addu'a Adawiyya ta ba ta labari. Fatsuma ta yi dariya har da tari.

"Ai da kin goge tsohon ɗinkin gaba ɗaya, akwai umarninsa, kalma biyu ne. Na manta ban sa miki ba."

"Da kin sa min da ban san dalili ba."

"Ji Fulata! Kwana uku da fara ɗinki har ta fi mai keken."

"Ki shafa min kan jaririyar. Allah ya sa kada ta ɗauko hancinku."

Ranar Litinin ta riga kowa zuwa. Ta jona laftof ɗin, ta dubi kalanda da agogon hannunta ta saita lokaci, don Ɗantani ya ce sai Laraba zai samo ɗan batirin. Mata suka fara taruwa a kan benci da goyo, ana ta cacar baki a kan wadda ta riga wata. Halima Sadiya ta fito da farar riga, ta tsaya a bayan kujerar da tarin katuna a hannu, tana ta gyara su ba don sun karkace ba.

"Mama, in kin shirya."

Adawiyya ta fara. Suna, uwa, unguwa, ranar haihuwa, allurar da ta rage. Halima Sadiya tana bin katunan ɗaya bayan ɗaya. A layi na goma sha ɗaya Adawiyya ta tsaya.

"Wannan katin naki me ya ce? Khaula 'yar Amarya."

"Sha takwas ga wata."

"Nawa ya ce sha uku. Amarya, kina nan? Yaushe aka yi wa Khaula ta biyu?"

Wata doguwa ta miƙe daga ƙarshen benci. "Ranar da aka yi ruwan nan da ya kayar da katangar makaranta, Malama. A jiƙe muka zo."

"Sha uku ne," in ji wata daga gefe. "Ranar aka yi sunan ɗan Kabo."

Halima Sadiya ta kusanto da katin ga idonta, ta ga tawada ce ta jiƙe ta rufe bakin ukun. Ta ciro biro ta gyara.

Ba ta bari an kai ashirin ba. A na goma sha biyar ta ajiye sauran katunan a gefen teburin, ta ce wa matan su shigo bi da bi yadda Mama ta kira, ta koma ciki wajen firij.

Kubura, wadda ke zaune kusa, ta miƙo wuya tana kallon allon.

"Laa, Malama, ga sunana can. Daga nan ma ina gani."

"To tunda kina gani, karanta min ranar da za ki dawo."

Kubura ta karanta tana jan kowane baƙi, ta faɗa daidai.

"Madalla. Matsa wa ta bayanki," in ji Adawiyya, ta kira suna na gaba.